Sharhi: Wa ake ƙirgawa idan ana binciken yawon buɗe ido a tsohon gari?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya shafi yadda masana ke auna tasirin yawon buɗe ido a kan tsofaffin garuruwa masu tarihi, da abin da ya kamata irin wannan bincike ya sa a gaba.

A tagar wani kantin magani kusa da gadar Riyalto a Benis, birnin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa, akwai wani ƙaramin allon lantarki da ba ya nuna komai sai yawan mutanen da suka rage suna zaune a tsohon garin. A 1951 mazaunan sun kai kimanin 175,000, amma a 2022 lambar ta sauko ƙasa da 50,000, kuma a shekarar da ta biyo baya wata ƙungiyar 'yan gari ta ƙirga ta tarar gadajen da aka tanada wa baƙi sun fi mazauna yawa. A ganina wannan allo yana amsa tambayar da manyan rahotanni da dama suke tsallakewa.

Abin da aka saba ƙirgawa shi ne baƙo nawa ya shigo, kwana nawa ya yi, nawa ya kashe, domin su ne alƙaluman da suka fi sauƙin samu kuma suka fi yi wa hukumomi daɗin ji. Matafiyan da ke ƙetare iyakokin ƙasashe sun tashi daga miliyan 25 a 1950 zuwa kusan biliyan ɗaya da rabi a 2019. To amma kuɗin da baƙo ya kashe daban, wanda ya zauna a hannun 'yan gari daban. Fasinjan babban jirgin ruwa na shaƙatawa a jirgi yake kwana, a jirgi yake cin abinci, ya sauka na 'yan sa'o'i ya ɗauki hotuna, ya sayi tsarabar da aka ƙero a wata ƙasa, ya koma abinsa, ya bar wa gari cunkoso da sharar da za a kwashe. Binciken da bai bi sawun kuɗin nan ya ga inda suka ƙare ba, aikinsa bai kai rabi ba.

Mai binciken da ke son sanin gaskiya sai ya taka da ƙafarsa. Ya ɗauki rajistar shaguna ta shekaru ashirin da suka wuce, ya bi layi guda ƙofa-ƙofa, ya ga ko shagon kafinta da na mai gyaran takalmi suna nan ko sun koma wuraren sayar da tsaraba. Ya ƙirga ƙananan akwatunan makulli da ake maƙalawa a bakin ƙofa, waɗanda ke nuna cewa an mayar da gida masaukin baƙi ta manhajoji irin su Airbnb. Ya je makarantar unguwa ya tambayi yara nawa aka ɗauka bana, ya kwatanta kuɗin haya da albashin mai aiki a otal, sannan, abin da ya fi wuya, ya nemo waɗanda suka riga suka tashi daga garin ya ji dalilinsu, domin takardar tambayoyin da ake rabawa a kan titi ba ta isa gare su.

A nan kuma akwai buƙatar adalci, kada a ɗora wa baƙi laifin da ba nasu ba. Mutanen Benis sun fara ƙaura tun kafin baƙi su yi irin wannan yawa, saboda danshin tsofaffin gidaje, da ayyukan masana'antu da ke can kan tudu, da kuma mummunar ambaliyar 4 ga Nuwamban 1966. Wanda bai san yadda gari yake kafin zuwan baƙi ba, ba shi da ma'aunin da zai raba wannan da wancan.

Tun a 1975 masani George Doxey ya bayyana cewa 'yan gari kan fara da murnar zuwan baƙi, sai su saba da su, sai su fara gundura, daga ƙarshe abin ya koma ƙiyayya. Bayanin yana da amfani, sai dai ya ɗauki gari tamkar mutum ɗaya, alhali mai otal da ɗan hayar da aka ba wa takardar tashi suna iya zama maƙwabta.

Ƙirga ta haifar da matakai. A Dubrobnik na Kuroshiya an kafa kyamarori a ƙofofin ganuwa bayan UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar kada masu shiga su wuce 8,000 a lokaci guda. Italiya ta hana manyan jiragen ruwa ratsa tsakiyar Benis daga Agustan 2021, kuma daga 25 ga Afrilun 2024 birnin ya fara karɓar Yuro 5 a wasu ranaku daga masu zuwa su koma a yini. Duk waɗannan matakai, baƙi suke ƙirgawa, kuma abin da ya rage a auna shi ne ko sun sa iyali ko da guda ya fasa tashi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da bai kamata a manta ba. Jenne ta ƙasar Mali, mai babban masallacin ƙasa, ta shiga jerin kayan tarihin duniya a 1988, amma bayan rikicin 2012 baƙi suka ɗauke ƙafa, masu yi musu jagora da masu masauki suka rasa abin yi, kuma a 2016 UNESCO ta sanya garin cikin wuraren da ke fuskantar haɗari. A can, abin da mai bincike zai auna shi ne halin da gidajen da suka dogara da baƙi suka shiga tun daga ranar da motocin suka daina zuwa.