Nevern: Ƙauyen Wales da Bishiyarsa Ke Zubar da "Jini"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska. Yau ina yammacin Wales, a yankin Pembrokeshire, cikin wani ɗan ƙauye da ake kira Nevern, 'yan gari kuma su ce Nanhyfer da harshensu. Tumakin da na gani a hanya sun ninka mutanen da na gani sau ba adadi.

Bari mu fara daga bakin ƙofar cocin ƙauyen, mai ɗauke da sunan Waliyyi Brynach. Kun ga wannan 'yar matakalar dutse da ba ta kai ka ko'ina? Don hawa doki aka gina ta. In an tashi daga coci, mai gida ya taka ya haye sirdi abinsa.

To, ku biyo ni. Waɗannan tsofaffin bishiyoyin da suka rufe hanya, har wurin ya yi duhu da rana tsaka, su ake kira yew. Ga wadda na zo dominta. Bari in matso da kyamara. Kun ga jan ruwan nan da ke tsatsowa daga inda aka sare reshe? Wallahi kamar jini. Wasu sun ce kukan wani malamin coci ne da aka rataye bisa zalunci, wasu kuma sun ce ba za ta daina ba sai ɗan sarautar Wales ya dawo ya zauna a ganuwar garin, wato tsohon ginin tsaro na masu mulki. Ni dai na taɓa, danƙo ne mai kama hannu.

Wannan dogon dutsen kuwa gicciye ne na ƙarni na 10 ko na 11, tsayinsa kusan mita 4. Ku dubi sassaƙar jikinsa, zare ya shiga ya fita ba ka ganin farkonsa. Ni dagin Arewa da aikin wuyan babbar riga ya tuna mini.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin cocin, a gindin taga, inda mai gaggawa zai wuce bai lura ba. Dutse ne na wajen ƙarni na 5 ko na 6, ɗauke da sunan wani Maglocunus, an rubuta shi sau biyu: da Latin, da kuma Ogham. Shi Ogham ba haruffa irin namu ba ne, tsage-tsage ne a gefen dutse kamar mai ƙirga bashi, kuma mutanen Ireland da suka ƙetaro teku suka zauna nan ne suka zo da shi. Ashe tun wancan lokaci ƙauyen nan na da baƙi masu harshe biyu. Na daɗe a tsaye a wurin.

Saura ganuwa, can bisa tudu. Robert FitzMartin, Banormane, wato daga mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, ya kafa ta wajen 1108. Sarkin yankin, Rhys ap Gruffudd, ya ƙwace ta a 1191, sai ga 'ya'yan cikinsa sun tsare shi a cikinta a 1194. Shekara na zagayowa aka rushe ta. Rikicin gidan sarauta ke nan.

Hadari ya haɗo, kuma hanyar duk taɓo ce. Bari in sa lema, mu hau.