Sharhi: Kumburi Ya Sace, Sai A Ajiye Magani

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita a sashen masu ciwon zuciya, ko a Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna ko a Shika ta Zariya, ya san irin mara lafiyar da ake yawan kawowa. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga, idan aka danna ƙwaurinsa da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, kuma iyalinsa za su shaida cewa kwana da kwanaki a zaune yake barci, jingine da bango, domin da zarar ya kwanta numfashinsa ke sarƙewa. Idan likita ya tambayi maganin da aka rubuta masa watannin baya, amsar ba ta cika sauyawa ba: ai ya samu sauƙi, shi ya sa ya ajiye.

Wannan ciwo shi likitoci ke kira gazawar zuciya. Zuciyar ba ta tsaya ba, rauni ta yi har ta kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki, sai ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya duba marasa lafiya sama da 1,000 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya gano cewa hawan jini ne kan gaba wajen haddasa shi, da kusan kashi 45 cikin ɗari, kuma matsakaicin shekarun masu ciwon 52 ne, wato magidanta da iyaye mata waɗanda gida ke kansu.

Mara lafiya yakan ga likita na 'yan mintoci, sannan ya koma gida ya yi makonni da abin da ya yarda da shi, kuma wannan yardar ce ke jan ragamar jinyar. A harshenmu ma, idan aka ce wane ya kamu da ciwon zuciya, abin da ke fara zuwa a rai shi ne baƙin ciki, ko na kishiya, ko na bashi, ko na ɗa mara jin magana, don haka sai a nemi maganinsa a wajen rarrashi. Wani kuma da ya ga kumburi sai ya ce jifa ne ko ya taka sammu, a shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma malamai sun sha faɗin haka. Amma a ganinmu, fahimtar da ta fi ɗaukar rayuka ba ta sammu ba ce, ita ce ɗaukar wannan ciwo kamar zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha wa magani kwana uku a rabu da shi. Ga mafi yawan masu shi, gazawar zuciya abokiyar zama ce, kuma sacewar kumburi alama ce ta cewa magani yana aiki.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa wa likita ba. Ƙwayar da ke rage ruwa, wadda aka fi sani da Lasix, tana sa yawan fitsari, saboda haka ɗan kasuwar Bacci da ba shi da makewayi kusa, ko dattijon da ke son riƙe alwala ranar Juma'a, sai ya tsallake ta. Da zai faɗa, da likita ya gyara masa lokacin sha. Haka ma batun azumi, shawara ce da ake yi tun kafin a ga wata.

Sai maganar tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Uwargida takan rantse ta rage gishiri, alhali ta marmasa dunƙulen magi huɗu a miyar kuka ta kuma jefa kanwa, ga yajin tsire a gefe, kuma duk waɗannan suna riƙe ruwa a jiki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi. Binciken baya a Kano ya ƙaro wasu dalilan, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam, amma har yanzu mai jegon da ke haki da tari cikin dare asibiti take buƙata, ko da kaka ta ce sanyi ne ya shige ta.

Abin da ake nema daga mara lafiya bai fi ƙarfinsa ba. Ya hau sikeli kowace safiya, idan nauyinsa ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku to ruwa ne ke taruwa, kuma wanda ba shi da sikeli yana da zobe da takalmi da za su gaya masa. Ya guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis, domin suna tsananta ciwon. Wanda kuɗin magani ya gagara ya bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KADCHMA, maimakon ya riƙa raba ƙwaya biyu.

Su ma ma'aikatan lafiya da nasu nauyin. Ya kamata a faɗa wa mara lafiya da Hausa, ƙarara, cewa wannan magani ba a ajiye shi sai da izinin likita, kuma ranar da za a yi bayanin abinci a shigo da wadda ke girka shi cikin ɗakin.