Dodo a ɓoye da jirgin ƙasa na gaske: daɗin tsofaffin finafinan tsoro da barkwanci

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Akwai finafinan da matasa kan wuce da sauri idan sun ci karo da su a intanet: hoto baƙi da fari, sauti yana shashshaka, dodon kuma da gani ka san mutum ne aka shafe da kwalliya. Ni kam ina ƙaunarsu, domin a cikinsu ne ake ganin abin da basira take iya yi idan aljihu babu nauyi.

A 1942 kamfanin RKO na Amurka ya ɗora wa furodusa Val Lewton aikin shirya finafinan tsoro, da sharaɗin kada kowanne ya haura dala dubu 150. Wannan kuɗi ba zai ƙera dodon kirki ba. Sai shi da darakta Jacques Tourneur suka ɓoye dodon. A fim ɗinsu Cat People, mai labarin matar da ke tsoron za ta rikiɗa ta zama baƙar damisa, wata mata daban tana tafiya ita kaɗai da daddare, tana jin takun wata a bayanta. Can sai takun ya ɗauke ɗif. Ta waiga, ba kowa. Ta ƙara sauri. Kai kuma mai kallo zuciyarka na dukan uku-uku, kana jiran baƙar damisa ta diro mata. Kwatsam sai wata ƙara ta cika kunne, ashe bas ce ta taka birki a gabanta. Ba a nuna maka komai ba, kai da kanka ka zana dodon a ranka. Har gobe masu fim suna amfani da wannan dabara, suna kiranta da sunan Lewton.

A 1968 George Romero da abokansa suka fitar da Night of the Living Dead, wanda suka ɗauka a yankin Pittsburgh da kusan dala dubu 114. Jinin da ake gani a fim ɗin ruwan cakulan ne, don a hoto baƙi da fari yana fita da duhu da kauri. Jarumin kuwa Duane Jones ne, baƙar fata, a zamanin da ba kasafai ake ba baƙar fata jagorancin irin wannan fim a Amurka ba. Da masu rarraba fim ɗin suka sauya masa suna, sai suka manta da sanya alamar haƙƙin mallaka. Romero ya yi asara, amma fim ɗin ya zama na kowa, shi ya sa yake ko'ina a yau.

To me ya haɗa tsoro da dariya? Lokaci. Sanin daƙiƙar da za a ja ran mai kallo da daƙiƙar da za a sake shi.

Ku dubi One Week na ɗan wasan barkwanci Buster Keaton, na 1920, gajeren fim marar magana mai kusan minti 20. An ba ango da amarya kyautar gida a cikin akwatuna, su haɗa da kansu. Wani da amaryar ta ƙi ya sauya lambobin akwatunan, sai gida ya fito a karkace, har da ƙofa a sama wadda in ka buɗe ka taka sai ƙasa. Daga ƙarshe gidan ya maƙale a kan layin dogo, ga jirgi ya taho. Suka rufe ido. Jirgin ya wuce ta layin gefe, bai taɓa gidan ba. Suna cikin ajiyar zuciya, sai wani jirgin ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren ya ratsa gidan, ya yi kaca-kaca da shi. Dabara ɗaya ce da ta bas ɗin nan: a sa ka jira abu ta nan, ya zo maka ta can. Kuma babu kwamfuta a lokacin. Gidan na gaske ne, jirgin ma na gaske ne.

'Yan wasan barkwanci Laurel da Hardy kuwa, a The Music Box na 1932, fim mai kusan rabin awa, sun yi ta fama da hawa da piyano kan dogon matakala a Los Angeles, yana suɓucewa yana komawa ƙasa. Da wannan labari fim ɗin ya ci lambar Oscar.

Wani abu da ke kore mutane shi ne yadda 'yan wasa ke tafiya fir-fir kamar ana korarsu. Sau da yawa ba haka aka yi fim ɗin ba. Da hannu ake murza kyamara a zamanin finafinai marasa magana, galibi ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa, to idan aka haska shi da saurin injin zamani sai komai ya rikice. Don haka ku nemi kwafin da aka gyara, mai daidaitaccen sauri da kiɗa mai kyau.

Ku kuma sani cewa abin da ya iso gare mu kaɗan ne. Tsohon faifan fim yana ruɓewa, ga saurin kamawa da wuta. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace baki ɗaya. One Week kuwa ya tsira, kuma kyauta ake samunsa. Da shi nake ba ku shawarar ku fara.