Shiga sashen makhɗuɗai: lacca ga ɗalibai Hausawa a Madina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamai da 'yan'uwa ɗalibai, assalamu alaikum.

Yau magana ce a kan sashen makhɗuɗai, wato littattafan da aka rubuta da hannu, da yadda ake lalube a cikinsa. Jami'ar Musulunci ta nan Madina, wadda aka kafa a 1961, da yawan abin da ke sashenta hotuna ne da aka ɗauko daga wasu ɗakunan karatu na duniya. Saboda haka kafin komai ka tambaya: wannan asali ne ko hoto? In hoto ne, ka rubuta lambarsa ta nan, ka kuma rubuta sunan ɗakin da asalin yake da lambarsa ta can. Ɗalibai da dama sai a ranar munaƙasha, wato ranar kare kundin bincikensu, suke gane sun bar ta biyun.

To, ga inda nake so mu daɗe. Fihirisa, wato jerin sunayen littattafan da ke sashen, ba ta faɗin komai. Akwai abin da ake kira majmu'i: bango ɗaya, amma a ciki risala takwas ko goma, marubuta daban, shekaru daban. Sau da yawa mai fihirisa sunan ta farkon kawai zai sa, ya wuce. Sauran suna kwance, babu wanda ya san da su. Maganinsa ɗaya ne, ka bi warƙa-warƙa. Duk inda ka ga sabuwar basmala, ko hannun rubutu ya sauya, ko launin tawada, tsaya, wataƙila sabon littafi ne ya fara.

Wannan ya fi shafar mu, domin alhazanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsowa ta Sudan da littattafai a gafaka. Littafin ƙasarmu ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne sake. In suka hautsine, kalmar nan da ake rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, da ita za ka jera su. Rubutun kuwa irin na Magariba ne, wato mutanen yammacin Arewacin Afirka: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da hannun Gabas sai ya karanta ƙaf a matsayin fa. Ajamin Hausa ko na Fulatanci a gefen shafi kuwa, wanda bai ji harshen ba me zai ce da shi? Ku kuke iya karanta shi, wallahi nauyi ne a kanku.

Shekara ma tana ruɗarwa. Malamanmu kan rubuta ta da ramzi, wato da haruffa, kowane harafi da lambarsa, kuma lissafin Magariba ya saɓa da na Gabas. Harafin shin a wajenmu 1000 ne, a Gabas 300. Ɗauki shin, ra, fa: a lissafinmu 1280, a nasu 580. Shekara 700 ke nan tsakani, saboda harafi ɗaya! In kana son shekarar Miladiyya, ninka ta Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Sai 1280 ta ba ka wajen 1863 zuwa 1864.

In an fito maka da asali, ɗaga warƙa ɗaya wajen haske a hankali. Idan ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya ce, ta yi yawa a littattafanmu na ƙarni na 19.

Ladubban wurin kaɗan ne. Fensir kawai, ban da biro. Hannu wankakke, busasshe. Safar hannu tana kashe jin yatsa, a yaga gefen warƙa ba a sani ba. Kada ka lashi yatsa. Kada ka danne mujalladi ya kwanta shimfiɗe, ɗinkin zai tsinke. Da warƙa ake ƙirge, ba da shafi ba: 12 alif ita ce fuska, 12 ba kuma baya. In ka tarar warƙa ta ɓata wuri, kada ka gyara da kanka, rubuta lambarta ka nuna wa ma'aikacin da ke kan tebur.