Idan Kusurwoyin Bargonku Sun Ƙi Haɗuwa

Duk wanda ya fara koyon ɗinkin bargon haɗe-haɗe, wato irin wanda ake yanka ƙananan ƙyallaye a jera su a ɗinke su zama shimfiɗa guda, akwai ranar da zai baje aikinsa a kan tabarma ya tarar kusurwoyi sun ƙi haɗuwa, wani layin kuma ya fi wani tsawo. A irin wannan rana ce mutane da yawa suke ninke aikin su jefa ƙasan akwati, suna cewa ba su da hannun ɗinki. Ina roƙonku kada ku yi haka, domin yawanci matsalar daga awo take, awo kuwa ana gyara shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Masu wannan sana'a suna barin kwatan inci, kimanin milimita 6, tsakanin bakin ƙyalle da inda allura take bi. Idan kuka zarce da milimita 1 kacal, kowanne daga cikin ƙyallaye biyun da kuka haɗa ya rasa milimita 1, milimita 2 ke nan a ɗinki ɗaya. Layin da yake da ɗinki 20 zai gajarta da santimita 4, alhali ido bai ga kuskure ko ɗaya ba lokacin da keke yake tafiya. Maganinsa shi ne ku manna ɗan salatif a jikin keken, daidai milimita 6 daga allura, ku riƙa bin gefensa da bakin ƙyallen, sannan ku danne kowane ɗinki da dutsen guga kafin ku haɗa na gaba. Dannawa za ku yi ku ɗaga, ba gogawa gaba da baya ba, saboda gogawa tana miƙar da yadin auduga. Wanda ya riga ya karkace kuwa sai a warware, kuma babu telan da ya ƙware har ya daina warware ɗinki.

Amma ba kowace karkata ce take bukatar warwara ba. A ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata, jikokin waɗanda aka bautar a gonakin auduga, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan fulawa domin kare iyalansu daga sanyi. Layukansu ba su miƙe ba, kusurwoyinsu da yawa ba su haɗu ba, idan yadi ya ƙare sai su cike da wanda ke hannu. A shekarar 2002 aka baje waɗannan barguna a gidan adana kayan fasaha na birnin Hiyustan, daga nan aka kai su Niyok, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarki guda 10. Ni a ganina, abin da ya ba su kwarjini shi ne an gama su, an kuma lulluɓa da su.

Saboda haka ku ɗauko aikin nan daga akwati, ku shimfiɗa shi, ku ja da baya kamar taku uku ku dube shi. Abin da ya tsone muku ido daga can ku warware shi, sauran ku bar shi. Da zarar kun sa audugar ciki da shafin baya kun bi su da ɗinki, sannan aka wanke bargon, yadin zai ɗan tattare, ƙananan giɓin nan kuma su shige cikin tattarewar.