Amsoshin Tambayoyinku: Na karɓi lasisi, na yi kira, ba wanda ya amsa

Mai gabatarwa: Jama'ar Damagaram, barkanku da war haka. Yau duk wasiƙun kan rediyon masu sha'awa ne, wato masu lasisin hira da juna ta na'urar rediyo, lokaci kuma ƙanƙane ne.

Wani daga Magarya yana tambayar ma'anar 5U da ke farkon lambar kiransa, wato lambar da ake gane kowane mai lasisi da ita. Alamar Nijar ce, ɗan'uwa, ta Najeriya kuwa 5N. Wata Hajiya daga Birni ta ce ko za ta iya tallar turarenta a kai. Haba Hajiya! Ba a talla, ba a sa kiɗa. Kawo tallar nan gidanmu, mu ma mu samu na cefane.

To, ga wadda ta fi yawa. Ɗalibi daga Mirya ya ce ya karɓi lasisi, ya sayi 'yar oba-oba Baofeng, kullum yana kira, shiru. Malam, na'urar ce ta lalace?

Malam: Wato ka san sararin samaniya yana da wani rufi da ke mayar da igiyar gajeren zango ƙasa, rana ce ke ƙarfafa shi. Shi ya sa iyayenmu ke kama tashoshin Ingila da Jamus a nan, da dare kuma zangon mita 40, wato igiya mai tsawon mita 40, yakan buɗe sosai, ita rana ma tana da zagayenta na kusan shekara 11...

Mai gabatarwa: Malam, yaron nan oba-oba ya tambaya.

Malam: Can na nufa. Tasa a kan zangon mita 2 take aiki, wannan igiya ba ta dawowa daga sama, miƙewa take yi. Ƙarfin na'urar wat 5 ne, in dutse ya tare ta shi ke nan, ga Damagaram kuwa da duwatsu. Ya hau tudu, ya yi alkawarin lokaci da wani mai lasisi. In nesa yake so, sai na'urar gajeren zango. Eriyar zangon mita 20 waya biyu ce, kowace kamar mita 5, a ɗaga ta sama, nesa da wayar lantarki.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Na'urarka lafiya lau, ɗana, gajeriyar tafiya gare ta. Ka hau tudu, ka nemi abokin magana. Ni a ganina ma gaggawa ta yi muku yawa. Ku fara saurare, ku ji yadda ake kiran CQ, wato kiran duk wanda ke saurare, yadda ake faɗin lambar kira, kafin ku danna.

Malam: Kuma da damina a cire wayar eriya in hadari ya taso.

Mai gabatarwa: Mai tambaya daga Tanut kan agogon da ake bi wajen rubuta lokacin hira: na duniya ake bi, wato GMT, ka rage awa ɗaya daga namu. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, ga mai labarai yana ta ɗaga mini hannu.