Ginshiƙin Rana: Yadda Sinawa Ke Karanta Ranar Haihuwa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Idan aka tambayi Basine dabbarsa, nan take zai ce doki, ko ɓera, ko zomo, wato dabbar shekarar da aka haife shi. Wannan kusan kowa ya ji labarinsa. Amma masu duba na gargajiya a ƙasar Sin ba daga shekara suke farawa ba. Daga rana suke farawa, kuma yau za mu ga yadda suke yi.

Kafin nan, magana ɗaya. Wannan bayani ne na al'adar wasu mutane. Hukuncin duba da bokanci a addini sananne ne, ba mu zo kiran kowa ga yin sa ba.

Sunan tsarin BaZi, haruffa takwas. Ana ɗaukar shekara, wata, rana da sa'ar haihuwa, kowanne a ba shi haruffa biyu, ɗaya bisa ɗaya. Su ne ake kira ginshiƙai huɗu. Harafin sama ana ɗauko shi daga jerin guda 10 da suke kira jigogin sama, na ƙasa kuma daga jerin guda 12, rassan ƙasa, waɗanda su ne dabbobin nan. Idan jeri biyun suka yi ta tafiya tare, ba sa komawa mafarinsu sai bayan taku 60. Don haka kowace rana tana da suna, kuma sunan ba ya maimaituwa sai bayan kwana 60. Mu ma muna da Ɗanladi da Talatu da Jummai, sai dai namu bakwai ne, kuma ba a gina wa yaro ƙaddara a kansu.

Wannan ƙidayar kwanaki tsohuwa ce ƙwarai. An same ta rubuce a jikin ƙasusuwa da ƙwaryar kunkuru tun zamanin daular Shang, sama da shekara 3,000 da suka wuce. Duba da ita kuwa ya zo ne daga baya. A zamanin daular Tang an yi wani ma'aikacin fada, Li Xuzhong, wanda ya rasu a shekarar 813, ya yi suna wajen wannan aiki, kuma a tsarin da ake dangantawa da shi shekara ce ke kan gaba. Sai Xu Ziping, wanda ake cewa ya rayu a wajejen farkon daular Song. Shi ake jingina wa mayar da cibiyar lissafin kan rana, har yau ma da sunansa ake kiran wannan hanya.

To, ya ake karanta ginshiƙin? Harafin sama na ranar shi ne mutumin kansa. Suna ce masa maigidan rana. Jigogin nan 10 sun fito ne daga abubuwa biyar, itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, kowanne da nau'in yang, wato mai ƙarfi, da na yin, wato mai laushi. Jia, misali, itacen yang ne, ana kwatanta shi da ƙatuwar bishiya mai tsayuwa ƙyam. Yi itacen yin ne, ciyawa ko tsiro mai yaɗo. Bing wutar yang ce, kamar rana mai haske, Ding wutar yin, kamar fitila. Daga nan ake fitar da maganganun hali da kuke gani a intanet, wai mai Jia ba ya lanƙwasuwa, mai Ding yana da laushin zuciya. Wannan shi ne ɓangare mafi sauƙi, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin nauyi.

Inda aikin yake shi ne alaƙa. Abubuwa biyar ɗin suna haifar juna: itace yana ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta fitar da ƙarfe, ƙarfe ya tara ruwa, ruwa ya raya itace. Kuma suna danne juna: itace ya tsaga ƙasa, ƙasa ta tare ruwa, ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace. Sauran haruffa bakwai duka ana auna su ne da maigidan rana. Abin da ya haife shi, gata ne da ilimi da uwa. Abin da shi ya haifa, basira ce da abin da mutum ke fitarwa. Abin da ya danne, dukiya. Abin da ya danne shi, hukuma da muƙami da matsi. Irinsa kuma 'yan'uwa ne da abokan takara. Ke nan ruwa ɗaya zai zama dukiya ga wannan, ya zama matsi ga wancan.

Bari mu ɗauki rana ta gaske: 1 ga Janairu, 2000. Ginshiƙin wannan rana, a sama akwai Wu, ƙasar yang, wadda ake kwatantawa da tsauni, a ƙasa kuma doki. Doki wuta ne a tsarinsu. Tunda wuta ce ke haifar ƙasa, mai duba zai ce wannan maigida yana zaune a kan abin da ke ciyar da shi, yana da tushe.

Amma bai isa ya tsaya nan ba, dole ya leƙa wata. Watanninsu na wannan lissafi suna bin tafiyar rana ne, kuma 1 ga Janairu ta faɗo cikin watan ɓera, tsakiyar hunturu, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi. Tsauni ne a cikin sanyi, ruwa ya kewaye shi. A wurin maigida na ƙasa, ruwa dukiya ne, sai a ce an haife shi a lokacin dukiya, tambayar ita ce ko yana da ƙarfin riƙe ta. Wutar dokin nan ita ce za a ce ta ɗumama shi. Da a tsakiyar bazara aka haife shi da wannan ginshiƙi ɗin dai, sai a ce wuta ta yi yawa, ƙasa ta ƙone, ruwa yake nema. Ginshiƙi bai canza ba, fassara ta juye.

Ku lura da shekarar ma. A wannan lissafi sabuwar shekara tana kamawa ne wajen 4 ga Fabrairu, saboda haka jaririn 1 ga Janairu, 2000 ɗan shekarar zomo ne, ba na daragon ba.

Reshen ƙasa na ranar yana da wani aiki na biyu, wanda shi ya fi kawo mutane gun masu duba: shi ne ɗakin aure. A misalinmu doki ne a ɗakin, ga ɓera a maƙwabtaka, a ginshiƙin wata, alhali ɓera da doki suna fuskantar juna ne a da'irar rassan 12, abin da suke kira karo. Mai duba zai ce a kula da zaman aure. Ba ƙaramin abu ba ne a da, domin kafin a sa rana, dangin ango da na amarya kan yi musayar haruffa takwas na yaransu a kai wa mai duba. A Koriya, inda ake kiran tsarin saju, har gobe wasu na yi.

Yanzu ga inda lissafin ke ɗingishi. Sa'o'insu 12 ne, kowace awa biyu, kuma ta farko tana kamawa ne daga ƙarfe 11 na dare. Wanda aka haifa 11 da rabi fa, ɗan yau ne ko ɗan gobe? Masu duban sun rabu biyu a kan wannan, kuma amsar tana canza maigidan rana ɗungurungum. Ga matsalar agogo: duk faɗin ƙasar Sin da lokacin Beijing ake aiki a hukumance, alhali a Kashgar da ke can yamma rana tana baya da fiye da awa biyu, shi ya sa wasu ke gyara lokacin haihuwa ya dace da tsayuwar rana a garin.

Sannan ginshiƙan rana 60 ne kacal. Idan aka raba mutanen duniya biliyan 8 gida 60, kowane ginshiƙi zai tashi da sama da mutum miliyan 130. Ko an haɗa ginshiƙai huɗun duka, nau'i 518,400 ne ke fita. Kalandar kanta daidai take, kowa zai iya bin ta ya samu sunan ranarsa ba kuskure. Cewa sunan yana faɗin hali ko aure kuwa, babu binciken kimiyya da ya tabbatar da hakan, kuma tagwayen da suka faɗo cikin sa'a ɗaya, masu haruffa takwas iri ɗaya, tambaya ce da masu duban kansu suka daɗe suna gardama a kanta.